Mahaifiyata ta daina fita daga gida: me ma'aikatan lafiya na yankinmu za su iya yi mata?

"Assalamu alaikum. Mahaifiyata tana da shekara 83, tana fama da hawan jini da ciwon gwiwa. Tun da ta faɗi a banɗaki wata huɗu da suka wuce ta daina fita, yanzu daga gado sai kujera, shi ma sai an kama ta. Kai ta asibiti ya zama babban aiki, idan mun dawo sai ta yi kwana biyu ba ta wartsake ba. Ni kaɗai ke kula da ita, ga aiki ga yara. Shin akwai abin da cibiyar lafiya ta yankinmu za ta iya yi mata a gida, ko kuwa tsufa ne kawai mu haƙura?"

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Mama lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri. Idan na fahimce ki, abu biyu kike tambaya: ko halin da Mama ta shiga yana gyaruwa, da kuma ko akwai hanyar da za a kawo mata kulawa har ɗakinta maimakon a riƙa ɗaukar ta zuwa asibiti. Na daɗe ina aikin jinya, kuma yawancin shekarun na yi su ne ina bin tsofaffi gida-gida, saboda haka zan amsa miki da abin da na karanta da abin da na gani da idona. Sai dai ban ga Mama ba, ban auna ta ba, don haka abin da zan faɗa jagora ne na abin da za ki nema, ba zai maye gurbin duba ta ba.

Amsar a taƙaice ita ce, matar da take tafiya da ƙafarta wata huɗu da suka wuce, yau kuma ta kasa miƙewa sai an kama ta, akwai dalilin da ya kai ta nan, kuma sau da yawa dalilin ana iya gano shi a rage shi. Shekaru ba sa kwantar da mutum cikin wata huɗu. Abin da ya fi dacewa ki nema shi ne a zo a yi mata cikakken dubawa a gida, a rubuta tsari guda ɗaya na kula da ita, a kuma nuna miki ma'aikaci guda ɗaya da zai zama shi ne mai bibiyar lamarinta.

Bambancin tsufa da rauni

A wurinmu ma'aikatan lafiya, raunin tsufa yanayi ne mai alamomi sanannu. A shekarar 2001, wata likita a Amurka mai suna Linda Fried tare da abokan aikinta suka zayyana alamomi biyar: ramewa ba tare da niyya ba, gajiya mai yawa, raunin riƙo a hannu, tafiyar hawainiya, da ƙarancin motsi. Wanda ya haɗa uku daga cikin biyar ɗin, shi ake kira mai rauni. Ma'anar hakan ita ce ajiyar ƙarfin jikinsa ta yi ƙasa, ta yadda abin da matashi zai karkaɗe cikin kwana biyu, kamar zazzaɓi ko sabon magani ko faɗuwa, shi yana iya kwantar da shi wata da watanni. Shi ya sa za ki ga tsofaffi biyu sa'o'in juna, ɗaya yana zirga-zirgarsa, ɗaya kuma ko kofi ba ya iya ɗagawa.

Labarin Mama ya bi hanyar da na sha gani. Ta faɗi, sai tsoron sake faɗuwa ya kama ta, iyali kuma saboda tausayi suka ce ta zauna kada ta motsa. Zama ya cinye naman cinya da ƙarfin ƙafa, miƙewa ta ƙara wuya, sai aka ƙara hana ta motsi. Tsoka tana zubewa da sauri sosai a jikin tsoho. An gwada a bincike an ga tsofaffi masu lafiya ƙalau sun rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafa cikin kwana goma kacal na kwanciya. Ki auna wata huɗu da wannan. Faɗuwa kuma ruwan dare ce: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 28 zuwa 35 cikin ɗari na masu shekara 65 zuwa sama suna faɗuwa kowace shekara. Tambayar da ta fi damuna game da Mama ita ce me ya kayar da ita tun farko, kuma ko an ɗauki hoton ƙugunta bayan faɗuwar. Idan tun ranar take kukan ciwo a matsematsi ko ƙugu, ko ƙafa ɗaya ta gajarce ta karkace waje, to wannan tafiya asibiti ce da ba makawa, domin karaya na iya ɓoyewa.

Wannan tunani na cewa kwantaccen tsoho yana iya tashi ba sabon abu ba ne. A shekarar 1935, wata likita a Ingila, Marjory Warren, ta karɓi ragamar ɗakunan da aka jibge ɗaruruwan tsofaffi da aka yanke ƙauna da su. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana duba abin da ke damun kowa, ta tayar da waɗanda za su iya tashi, kuma da dama daga cikinsu suka koma gidajensu. Daga aikinta ne fannin likitancin tsofaffi ya samo tushe.

Abin da ziyarar gida ta ƙunsa

Tsarin kowace ƙasa daban ne, har a cikin ƙasa ɗaya ma wata ƙaramar hukuma ta fi wata. Jinyar gida-gida a tsare ta faro ne a birnin Libaful na Ingila a 1859, lokacin da William Rathbone ya ga amfanin ma'aikaciyar jinyar da ta kula da matarsa a gida, ya ɗauki nauyinta ta riƙa zagaya gidajen talakawa. Jamus ta kafa inshorar kula da masu dogon rauni a 1995, Japan ta bi baya a 2000 tare da naɗa wa mai buƙata jami'in da ke tsara masa hidimomi. Denmak ta yi doka a 1996 da ta ɗora wa ƙananan hukumomi yi wa tsofaffi tayin ziyarar rigakafi a gida. Burazil tun 1994 ta ɗora aikinta a kan ayarin lafiyar iyali, inda jami'an unguwa ke bin gidaje, jihar Kerala ta Indiya kuma ta yi suna wajen haɗa 'yan sa-kai da ma'aikatan jinya suna kai wa kwantattu kulawa. Na kawo waɗannan ne don ki san cewa abin da kike nema abu ne da ƙasashe da dama suka yarda da shi, kuma ba ƙasashe masu arziki kaɗai ke yin sa ba. Buƙatar ma ƙaruwa take yi, tunda ana sa ran nan da 2030 mutum ɗaya cikin shida a duniya zai kai shekara 60 ko fiye.

Ko da cibiyarku ƙarama ce, akwai ma'auni mai sauƙi da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafinsa a 2019, mai suna ICOPE, wanda aka tsara domin ma'aikatan matakin farko. Yana duba abu shida: tunani, motsi, cin abinci, gani, ji, da yanayin zuciya ta fuskar damuwa. Ba ya buƙatar wata babbar na'ura. Za a faɗa wa Mama kalmomi uku a ce ta riƙe, a tambaye ta kwanan wata da inda take. Za a ce ta tashi daga kujera ta zauna sau biyar ba tare da dafa hannu ba, a ga ko za ta gama cikin daƙiƙa 14. Za a tambaya ko ta rage fiye da kilo uku cikin wata uku, a yi mata raɗa a bayan kunne a ga ko ta ji, a tambaye ta ko ta daina jin daɗin abubuwan da a da take so. Duk inda aka ga giɓi, nan za a zurfafa bincike.

Ni idan na shiga gida, kafin in buɗe jakata nakan tsaya in kalli ɗakin. Ina duba tsayin gado, domin katifar da ke shimfiɗe a ƙasa ko kujera mai zurfi tana iya hana tsohuwa miƙewa alhali ƙafarta tana da sauran ƙarfi. Ina duba hanyar da ke tsakanin gado da banɗaki: akwai haske da dare, akwai dakali ko tudu, akwai shimfiɗar da gefenta ya naɗe, ƙasan banɗakin yana da santsi, akwai abin dafawa? Ina duba takalmin da take sawa, silifas ne da ya saki ko mai riƙe diddige. Waɗannan abubuwa likitan da ya gan ta minti goma a ɗakin duba marasa lafiya ba zai taɓa ganin su ba, kuma wannan ne ya sa nake ganin ziyara ɗaya a gida ta fi wa irin Mama amfani a kan zuwa asibiti sau uku. Bayan haka sai in auna hawan jininta tana kwance, in sake aunawa bayan ta miƙe. Idan lambar sama daga cikin lambobi biyun awon ta sauka da 20 ko fiye cikin minti uku da tsayuwa, to mun samo wani babban dalilin jiri da faɗuwa.

Daga wannan dubawa ne sauran hidimomi ke fitowa. Likitan gashi, wato mai koyar da motsa jiki, zai nuna muku atisayen tashi da zama da na tsayuwa, ya kuma zaɓa mata sanda ko abin dogarawa mai ƙafa huɗu daidai tsayinta. Ma'aikaciyar jinya za ta riƙa wanke miki, ta canza robar fitsari ga mai ita, ta ɗebi jini a kai ɗakin gwaji, ta yi allurar rigakafin da ƙasarku ke ba tsofaffi. Jami'in walwalar jama'a, inda akwai shi, shi ne ya san hanyar samun keken marasa lafiya, gadon asibiti na aro, ko tallafin mai jinya. Kada a manta da ido da kunne da baki: yanar ido ana cire ta da ƙaramin aiki, dattin kunne ana wanke shi, haƙori mai ciwo kuma yana iya zama shi kaɗai ne dalilin da ya sa tsoho ya ƙi cin abinci.

Ledar magunguna

Wannan wuri zan ɗan daɗe a kansa, domin a nan na fi ganin sauƙi ya zo da gaggawa. Ki tattara duk abin da Mama ke sha a leda ɗaya, na asibiti da na kanti da wanda wani ɗan'uwa ya kawo da sassaƙe ko jiƙo, ki ajiye a gaban wanda ya zo duba ta. Idan mutum yana shan magani biyar ko fiye a kai a kai, haɗarin su yi karo da juna yana ƙaruwa, ƙodar tsoho kuma ba ta tace magani da saurin da take yi a da.

Na taɓa zuwa wurin wata dattijuwa da 'ya'yanta suka ce mini ta fara ciwon mantuwa, ba ta gane mutane da safe, kullum tana gyangyaɗi. Da muka zazzage ledarta a kan tabarma, sai ga maganin hawan jini iri ɗaya a kwalaye biyu masu suna daban, ɗaya daga asibitin da aka kwantar da ita, ɗaya daga wanda take zuwa tun da, kuma duka biyun ake ba ta. Ga kuma ƙwayar barci da aka rubuta mata ta mako ɗaya, aka ci gaba da saya har wata bakwai. Na kira likita daga nan inda nake zaune, ya cire ɗaya daga maganin hawan jinin, ya tsara yadda za a janye ƙwayar barcin a hankali. Bayan 'yan makonni da na koma, ita ce ta tare ni a bakin ƙofa da sandarta, ta kira ni da sunana.

Ga Mama, abin da zan so a duba shi ne ko maganin hawan jininta ya yi mata yawa yanzu da ta rage motsi kuma wataƙila ta rame, da kuma me take sha saboda gwiwa. Magungunan ciwo irin su ibuprofen da diclofenac suna iya taɓa ƙoda, su ƙona ciki, su kuma ɗaga hawan jini idan aka daɗe ana sha. Amma ina roƙon ki, kada ki tsayar da kowane magani da kanki. Wasu idan aka yanke su farat ɗaya sun fi cutarwa. Ki kai ledar ga likita ko mai harhaɗa magunguna ki ce a sake dubawa.

Fata, ruwa da bayan gida

Wanda ya daɗe a zaune ko a kwance yana cikin haɗarin gyambon kwanciya, kuma rigakafinsa ya fi maganinsa sauƙi nesa ba kusa ba. Wuraren da yake fara fitowa su ne ƙarshen ƙashin baya, gefen ƙugu, diddige, idon sawu da kafaɗa. Ki duba su kullum lokacin wanka. A farar fata ja ake gani wanda ba ya gushewa idan an danna da yatsa, amma a baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, sai dai ki ga wurin ya ƙara duhu ko ya yi sheƙi, ki taɓa ki ji ya fi kewayensa zafi ko tauri. Idan kin ga haka kada ki murza wurin, ki ɗauke masa nauyi ki sanar da ma'aikaciyar jinya. Wanda ba ya iya juyawa da kansa, a riƙa juya shi kamar kowane awa biyu, a sa matashi a ƙarƙashin sha-raɓa domin diddige ya rataya bai taɓa katifa ba, a kuma canza shimfiɗa da zarar ta jiƙe.

Tsofaffi ba sa jin ƙishirwa kamar da, wasu kuma da gangan suke rage shan ruwa don kada su tashi mai jinya da dare. Ki sa ido a kan launin fitsari da kuma kwana nawa take yi ba ta yi bayan gida ba, domin taurin ciki kaɗai yana iya hana ta ci, ya toshe fitsari, har ya rikita tunaninta. Idan tana sarƙewa ko tari lokacin ci da sha, ki faɗa wa mai duba ta, kuma a riƙa zaunar da ita sosai kafin a ba ta komai.

Yadda za ki nema

Ki je cibiyar lafiya ta matakin farko mafi kusa da ku da kanki, ba tare da Mama ba, ki nemi ganin shugaban cibiyar ko babbar ma'aikaciyar jinya. Ki riƙe takarda da kika rubuta shekarunta, cututtukanta, magungunanta, ranar da ta faɗi, da abin da take iya yi kafin faɗuwar da wanda ta kasa yanzu. Yadda ake faɗin magana yana da tasiri. Idan kika ce "mahaifiyata ta tsufa", za a tausaya miki a sallame ki. Idan kuwa kika ce "wata huɗu da suka wuce tana zuwa banɗaki da kanta, yau ba ta iya miƙewa, kuma ba ta iya zuwa nan", kin ba ma'aikaci abin da zai yi aiki a kai. Ki tambaya ko suna ziyarar gida da ranakun da suke fita, wa zai zama mai bibiyarta, wace lamba za ki kira idan abu ya taso da dare, kuma ko za a riƙa ba ki maganinta na wata-wata ba sai an kawo ta ba. Ki ajiye littafi a gefen gadonta wanda duk ma'aikacin da ya zo zai rubuta abin da ya gani da abin da ya canza, domin babbar matsalar da ke cutar da irin waɗannan tsofaffi ita ce kowa yana yin nasa ba tare da sanin na ɗan'uwansa ba.

Gaskiya ce kuma cewa cibiyoyi da yawa ba su da isassun ma'aikata ko abin hawa, kuma a wurare da dama aikin zagaye ya fi karkata ga masu juna biyu da ƙananan yara. Ina ganin wannan giɓi ne da ya kamata hukumomi su cike, domin wanda ba ya iya zuwa layi shi ne ya fi kowa buƙata, kuma shi ne ba a ƙirga shi. Idan aka ce miki babu ziyarar gida, kada ki juya haka nan. Ki roƙi a ba ki ziyara ɗaya tak ta dubawa da koyarwa, ko a haɗa ki da jami'in lafiya na unguwa, ko a yarda ki riƙa kawo littafin awon jininta ana duba shi, a yi magana da likita ta waya. Idan tafiya asibiti ta zama dole, ki nemi a haɗa mata ganin likita da gwaji da karɓar magani a rana ɗaya.

Inda gida ba zai wadatar ba

Akwai alamomin da ba a jiran ranar ziyara. Idan bakinta ya karkace, ko hannu ko ƙafa ta saki, ko magana ta sarƙe. Idan numfashi ya yi wuya ko ƙirji ya ɗaure. Idan ta sake faɗuwa ta bugi kai ko ta kasa taka ƙafa. Idan fitsari ya tsaya, to a tafi asibiti nan take. Haka nan idan ta rikice farat ɗaya cikin sa'o'i ko kwana ɗaya biyu, tana sambatu ko barci ya yi mata nauyi. Ciwon mantuwa a hankali yake zuwa cikin watanni da shekaru, amma ruɗewar gaggawa alama ce ta wata cuta a ƙarƙashi, kamar ciwon huhu, cutar mafitsara, ƙarancin ruwa ko illar magani, kuma tsoho yana iya ɗauke da cuta mai tsanani jikinsa bai yi zafi ba.

Dole in faɗa miki kuma cewa ba kowa ke komawa yadda yake ba. Na ga waɗanda suka tashi suka ci gaba da harkokinsu, na kuma ga waɗanda iyakar abin da muka cimma shi ne su iya matsawa daga gado zuwa kujera ba tare da ciwo ba. Ga wanda ƙarfinsa ke ta raguwa duk da ƙoƙari, akwai kulawar sauƙaƙa raɗaɗi, wadda ita ma ana yin ta a gida. A duk matakin da ake, a tambayi Mama abin da take so, a yi magana da ita kai tsaye, kada a riƙa tattauna lamarinta a kanta kamar ba ta wurin.

Ke kanki

Kin ce ke kaɗai ce, ga aiki ga yara, kuma wannan jimla ta tsaya mini a rai. Mai jinya ita ma tana cikin waɗanda ma'aikacin lafiya ya kamata ya duba, domin ranar da bayanki ya riƙe ko barci ya gagare ki, Mama ce za ta fara ji a jikinta. Ki roƙi a koya miki yadda ake tayar da ita ba tare da kin ja ta ta hammata ba: ta matso bakin gado, ƙafafunta su taka ƙasa sosai, ta sunkuyo gaba, ke kuma ki tsaya a gefenta ki tallafi bayanta, ki lanƙwasa gwiwarki maimakon ƙugunki. Ki zauna da 'yan'uwa ki raba musu aiki da sunansa da ranarsa, wannan ya kwana da ita ranar kaza, wancan ya karɓo magani, domin "ku taimaka" ba ta cika kawo kowa ba. Idan a yankinku akwai tsarin da ake karɓar mai jinya na 'yan sa'o'i ko kwanaki don ta huta, ki tambaya ki yi amfani da shi ba tare da jin kunya ba.

Kafin a zo duba ta, idan ba ta kukan ciwon ƙugu kuma tana iya taka ƙafafunta biyu, ki fara zaunar da ita a kujera mai tsayi da hannuwa lokacin kowane cin abinci, ki bar ta ta wanke fuskarta ta sa rigarta da kanta ko da za ta ɗauki lokaci, ki kuma kunna fitila a hanyar banɗaki da dare. Ki rubuta a littafin nan sau nawa ta iya miƙewa a yini da kuma ko ta ji jiri, ki nuna wa ma'aikaciyar jinya ranar da ta zo. Allah ya ba ta sauƙi.